Abin da ya sa randa take sanyaya ruwa, kanwa kuma take narkewa a cikinsa

An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a Marwa, arewacin Kamaru, inda wani malamin kimiyya ya yi wa ɗalibai da iyayensu jawabi.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai 'yan uwana, ɗalibai, sannunku da zuwa, sannunku da zafi. Na baya kuna ji na? To madalla.

Ruwan da ke cikin kofin nan, in aka bi shi har ƙanƙantarsa ta ƙarshe, ƙwaya ce mai zarra uku: oksijin ɗaya, haidurojin biyu. Shi ne H2O da kuke haddacewa. Zarrar nan ba a miƙe suke ba, a lanƙwashe suke, kusurwar tsakaninsu wajen digiri 104.5. Oksijin ya fi ƙarfin ja, saboda haka gefensa yana ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, gefen haidurojin kuma da kishiyarsa, kamar bakuna biyu na maganaɗisu. Kowace ƙwaya sai ta riƙe maƙwabciyarta. Duk abin da zan faɗa yau daga wannan riƙon ya fito.

Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, H2S, ƙwayarta ta fi ta ruwa nauyi, amma tun a digiri 60 ƙasa da sifiri take tafasa. Ruwa kuwa sai ya kai 100. Da babu riƙon nan, da ba a ga ɗigo ɗaya a kogin Binuwai ko Lagwan ba, duk tururi ne.

Kafin giram ɗaya na ruwa ya ƙara zafi da digiri ɗaya, sai ya sha kusan jul 4.2 (jul ma'aunin makamashi ne, da shi ake auna yawan zafin da abu ya sha), wajen ninki biyar na abin da yashi yake buƙata. Shi ya sa da azahar yashin rafin Mayo Kaliyawo yake ƙona tafin ƙafa, ruwan kududdufi kuwa ɗumi kawai ya yi. Jikin babban mutum kusan kashi 60 cikin 100 ruwa ne, shi ne ba ma dahuwa a watan Afrilu. Giram ɗaya kuma in zai zama tururi, yana tafiya da jul 2,260. Ku taɓa bayan randa ku ji danshi. Ruwan da ya tsatso ta ƙananan ƙofofin yumɓu yana bushewa, yana kwashe zafin na ciki. Gumi ma aikinsa ke nan. Iyayena mata, mai shafa wa randa fenti ko siminti don ta yi kyau ta toshe mata ƙofofi, ta mayar da ita jarka. A daina, don Allah.



Abin da ya fi shafar mu shi ne narkarwa. Gishiri da kanwa masu caji ne, ƙwayoyin ruwa su kewaye su, su ɓalle su ɗaya bayan ɗaya. Ta haka jini yake kai abinci ko'ina, ta haka saiwar dawa take shan taki. A Kanem, can Chadi, akwai tafkuna masu kanwa da kifi ba ya jure musu, amma a nan dihe, wani koren gansakuka da ake ci, yake tsirowa, mata su tace shi, su shanya a yashi, a yi miya. Man gyaɗa kuwa ba shi da wannan caji, ruwa ba ya kama shi, kuma da maiƙo aka yi bangon ƙwayoyin jikinmu, shi ya hana su narkewa. Yaro mai gudawa ruwa da gishirin jikinsa yake zubarwa tare, don haka ake haɗa masa lita ɗaya na ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Sukarin ne yake taimaka wa hanji ya ja gishirin, ruwa ya biyo.

Sai dai ruwa ba ya zaɓe. A ƙasan Tafkin Niyos, can arewa maso yammacin Kamaru, iskar kabon dayoksaid ta yi ta narkewa shekara da shekaru, ranar 21 ga Agusta 1986 ta ɓalle, ta kashe mutum fiye da 1,700. Kusa da mu, a yankin Mayo Tsanaga, wasu rijiyoyi suna ɗauko sinadarin fuloraid daga duwatsu, wanda in ya yi yawa yake ɓata haƙora. Kun ga yara masu haƙora ja-ja, ana cewa ba sa goge baki. Zalunci ne a ce haka, ruwan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin lita. Fuloraid ba shi da launi, ba shi da wari, ruwan garau yake. Tafasawa tana kashe ƙwayar kwalara, amma fuloraid ƙaruwa ma yake yi, don ruwa ya tashi shi ya zauna. In an haƙa muku sabuwar rijiyar burtsatse, ku matsa a kai ruwan gwaji kafin yara su fara sha.

Na ga hannu can baya. Hajiya, bismillah.