Sarbon sitiyari na motar tseren rimot: wanne za ka saya, kuma ya za ka hana shi mutuwa

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Yau maganar sarbo za mu yi, wato ɗan akwatin nan da ke juya tayoyin gaba na motar rimot in ka murɗa sitiyari. Mutane da yawa sai su zuba kuɗi a moto da batir, sarbo kuwa duk wanda ya zo hannu, alhali duk gudun motarka in ta ƙi shiga kwana lokacin da ka ce ta shiga toh an gama da kai.

A jikin kwali za ka ga lamba biyu. Ɗaya ƙarfin juyi ne, ana rubuta shi kg-cm. In aka ce 10 kg-cm ana nufin a nisan santimita 1 daga tsakiyar sandar sarbon zai iya jan kilo 10, in hannun da ake ɗorawa a kan sandar ya kai santimita 2 ya koma kilo 5, kaga kenan dogon hannu yana ba ka juyi mai yawa amma yana cin ƙarfi. Ɗayar lambar sauri ce, sakan nawa yake ɗauka ya juya digiri 60. Nan ƙaramar lamba ita ce mai sauri, 0.08 ya fi 0.15 sauri nesa ba kusa ba. Kuma dan Allah ka duba a volt nawa aka auna, don kamfani zai rubuta maka babbar lamba a 7.4 ko 8.4, kai kuma motarka 6 take ba shi, abin da ka biya kuɗinsa ba shi kake samu ba.

Toh wanne ya dace da kai? Motarka ce za ta faɗa maka. Motar 1/10, wato mai girman kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, ta kan kwalta ko kafet ba ta da nauyi, tayoyinta ƙanana ne, sauri ta fi buƙata, wajen 10 kg-cm da sakan 0.10 ko ƙasa ya isa, kuma yawanci gajeren sarbo ake sa mata saboda wuri ya matse. Bagi 1/8 kuwa, wato motar tseren kan ƙasa mai gargada, wata duniya ce, tana da nauyi, tana tsalle ta diro kan tayoyin gaba, nan ka nemi 20 kg-cm zuwa sama, haƙoran ƙarfe, kada ma ka kalli na roba. Ni a ganina sabon shiga bai buƙatar sarbo mafi sauri a kasuwa, motar sai ta riƙa fizga hannunsa bai saba ba. Amma gara ka sayi mai sauri ka rage shi a rimot in rimot ɗinka na da wannan saitin, don mai nawa ba yadda za ka ƙara masa.

Sarbon dijital ya fi na analog riƙe tsakiya da amsawa da wuri, sai dai ya fi shan wuta. Nan ne ake samun matsalar da ke rikita mutane, ka sa sabon sarbo mai ƙarfi sai mota ta riƙa ɗauke wuta na ɗan lokaci in ka murɗa sitiyari da ƙarfi, risiba, wato na'urar da ke karɓar siginar rimot a cikin mota, ta mutu ta dawo, ka ce ai sarbon ne jabu, alhali BEC ne ya kasa ciyar da shi, wato sashen da ke ba risiba da sarbo wuta a cikin ESC, na'urar da ke sarrafa gudun moto. Wani lokaci kafasita, wato 'yar na'urar da ke ajiye wuta, da ake sokawa a risiba tana magance shi, in abin ya yi yawa sai BEC na waje. Sannan rimot irin na Sanwa da Futaba suna da saitin sigina mai sauri sosai, in ka haɗa shi da sarbon analog za ka iya ƙona shi, ka karanta takardar kafin ka kunna.

Wani ƙaramin abu mai ɓata rai, yawan haƙoran kan sandar sarbo ba ɗaya ba ne. Yawanci Futaba da Savox 25, Hitec 24, Sanwa da KO Propo 23. Hannun da bai dace ba zai iya shiga da tursasawa amma zai zame a tsakiyar tsere.

Yanzu kariya, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na yi bidiyon nan. Sarbo seba sifirin ne kawai tsakanin sarbo da tayoyi, in taya ta daki bango sifirin ɗin ya buɗe ya shanye dukan maimakon ya wuce kai tsaye cikin haƙora. A bagi 1/8 yana jikin sandar sitiyari da noti da ake ɗaurewa. Ka sassauta shi da yawa, mota ta ƙi cin kwana in tana gudu, tana yawo a miƙaƙƙen layi, sai ka ɗauka sarbonka ba ƙarfi. Ka ɗaure shi tamau, toh kamar babu shi ne. Fara da abin da takardar motar ta ce, daga nan ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, kuma ka riƙa kwance shi kana wankewa don ƙura tana sa shi ya cije. Ƙwararrun masu tseren kwalta da yawa suna cire seba su sa hannun alminiyom don sitiyari ya zama ba wasa ko kaɗan, gaskiya ana jin bambancin, amma su ba sa yawan dukan bango. In kai har yanzu kana gaisawa da bango kowane zagaye, wallahi ka bar sebanka, akwai masu tauri irin na Kimbrough da Tamiya da ba sa wasa sosai.

Sai abin da seba ba zai iya tare maka ba, wato EPA, iyakar juyi a rimot. In tayoyi sun kai ƙarshe sun tsaya amma sarbo na ci gaba da turawa, za ka ji yana ƙara zzz, yana jan wuta mai yawa yana zafi, a hankali moton ciki ko bod ɗinsa ya ƙone ba tare da ka daki komai ba. Gyaran ba wuya. Kunna rimot da mota, tirim, wato saitin daidaita tsakiyar sitiyari, a sifili, bari sarbo ya tsaya a tsakiya kafin ka ɗora hannun. Rage EPA ƙasa sosai, murɗa hagu har ƙarshe, ka riƙa ƙarawa har taya ta taɓa iyakarta, sai ka dawo baya maki biyu ko uku. Ka yi wa dama daban don ba lallai lambar ta zo ɗaya ba. Bayan haka danna gaban motar ƙasa ka sake murɗawa, don wani lokaci sai sifirin tayoyi ya lotsa ne sandar ke cijewa. In hannun ƙarfe ne a kan sandar ƙarfe, ɗiga Loctite shuɗi, wato gam ɗin da ke hana sukuru kwancewa, kaɗan a sukurun kafin ka ɗaure.