Gyangyaɗi a Kan Sitiyari: Wa Zai Faɗi Gaskiya?

Masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau na direbobi ne, musamman 'yan uwanmu da ke jigilar alhazai da masu Umara tsakanin Makka da Madina, da masu jan manyan motocin kaya daga Jidda zuwa Riyad.

Wanda ya taɓa bin hanyar Makka zuwa Madina ya san ta: sama da kilomita 400, shimfiɗaɗɗiya, ba rami ba gargada, ga sanyi a cikin mota. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. In ido ya rufe na daƙiƙa 4 kacal, mota ta yi tafiyar fiye da mita 100 ba mai tuƙa ta.

To, ba kowane gyangyaɗi ne na rashin kwanciya ba. Akwai direban da zai yi awa 8 a kan katifa, ya tashi kamar bai runtsa ba, kai na ciwo, baki a bushe. Abin da ke faruwa shi ne, da barci ya ɗauke shi sai naman maƙogwaro ya saki ya toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye. Sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da shi, ya ja numfashi da wani irin minshari mai ƙarfi, ya koma, bai ma san ya farka ba. In hakan ya kai sau 30 a awa, likitoci na cewa ciwon ya yi tsanani. An fi ganinsa ga maza masu ƙiba da kaurin wuya, galibi tare da hawan jini. Bincike ya nuna masu wannan lalura da ba sa magani sun fi sauran direbobi yin haɗari.

Yaya ake auna barcin rana? Takardar da aka fi amfani da ita ita ce ma'aunin Epworth, wanda Dakta Murray Johns ya fitar a Ostireliya a 1991. Tambayoyi 8 ne. Kana zaune kana karatu, barci na ɗaukarka? Kana kallon talabijin fa? Bayan cin abincin rana fa? In mota ta tsaya a cunkoso na 'yan mintuna fa? Kowace tambaya maki ne daga 0 zuwa 3, jimilla 24, wanda ya haura 10 akwai magana.

Takarda ce mai amfani, amma ku lura da wanda ke cika ta. Direba ne da abincinsa ke kan lasisinsa, wani ma iƙamarsa na hannun mai aikin, ga iyali a gida suna jiran aike. A ce masa ya rubuta da hannunsa cewa yana gyangyaɗi a danja? Sifili zai rubuta, ya sa hannu. Wani kuma ba ƙarya yake yi ba: ya shekara da shekaru a haka har ya ɗauka gajiyar aiki ce, yana ta dirka wa cikinsa gahawa da shayi. Shi ya sa ni a ganina matarsa ko abokin ɗakinsa sun fi shi sanin amsa, domin su ne ke jin lokacin da minsharin ya ɗauke cak.

Akwai gwajin da ba ya jiran bakin mutum. Da farko a kwana a asibiti da wayoyi a jiki, a ƙirga sau nawa numfashi ya tsaya. Sannan akwai na rana: a zaunar da mutum a ɗaki shiru mai ƙarancin haske, a ce ya yi ƙoƙari kada ya yi barci har minti 40, a maimaita sau 4 da tazarar awa 2, na'ura na duba ƙwaƙwalwarsa. Ranar wanka ke nan, ba a ɓoyon cibi. Sai dai yana cin yini guda da kuɗi, kuma sai manyan wurare irin cibiyar matsalolin barci ta Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad. Shi ma ɗakin gwaji ba titi ba ne, don haka likita kan haɗa sakamakon da tarihin direban: ya taɓa sauka daga layinsa, ya taɓa ƙetare rijiya da baya?

Magani kuwa akwai shi tun farkon shekarun 1980, lokacin da wani likitan Ostireliya, Colin Sullivan, ya ƙirƙiro na'urar da ke hura iska ta hanci, ta hana maƙogwaro rufewa. Direban da ke kwana da ita kullum, haɗarinsa na raguwa sosai, kuma irin na'urorin yanzu na ajiye lissafin awannin da aka yi amfani da su, abin da za a iya nuna wa mai aiki. Tun 2014 Tarayyar Turai ta bi wannan hanya: mai ciwon zai iya riƙe lasisinsa muddin yana magani, likita na duba shi, masu manyan motoci duk shekara.

Saboda haka, ku masu kamfanonin motoci, muddin direba ya san faɗin gaskiya na nufin sallama, takardar da za ta dawo muku fara fat ce. Ku ba shi tabbacin cewa gwaji hanyar magani ce, kuma kujerarsa na jiransa. Ku yi hakan tun kafin azumi, lokacin da masu Umara ke tururuwa, direbobi na kwana a hanya.