Darasi: Yadda Ake Zaɓen Injin Yankan Ciyawa Mai Juyawa Wuri Guda

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau daga Samaru muke magana, a bayan garejinmu. An yi ruwa da asuba, shi ya sa kuke ganin ƙasa a jiƙe. Sani, ɗan ja da baya da kyamarar nan, injin ya fito gaba ɗayansa. Yawwa, tsaya nan.

To, wannan shi ne injin yankan ciyawa na hawa da ake ce wa ziro-ton. Tun da damina ta kankama wayata ba ta huta ba. Masu makarantu, masu wuraren biki, masu gidan gona a hanyar Shika, kowa tambayarsa ɗaya: Malam, doki nawa ne ƙarfinsa? Ni kuwa sai in ce, Alhaji, bar maganar doki tukuna, filinka nawa ne, kuma me ke cikinsa? Lambar dokin nan da ake mannawa a jikin inji da manyan baƙaƙe, ita ce ta ƙarshe a abubuwan da nake dubawa.

Bari mu fara da yadda yake tafiya, don wanda bai taɓa gani ba. Ku duba, babu sitiyari. Liba biyu ce, wato sandunan hannu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowacce da tayar baya da take tuƙawa. Ka tura su gaba tare, ya miƙe. Ka tura ta dama gaba, ka jawo ta hagu baya, sai ya juya a inda yake tsaye kamar dutsen niƙa. Ƙananan tayoyin gaban nan ba ruwansu da tuƙi, bin baya kawai suke yi, irin na kujerar ofis. A jihar Kansas ta Amurka kamfanin Excel ya fito da mai liba biyun nan, mai suna Hustler, a 1964. Amfaninsa shi ne wurin da ke da itatuwa da yawa. Ka kewaye gindin mangwaro ko darbejiya a zagaye ɗaya, ba sai ka yi ta gaba da baya ba.

Yanzu maganar girma. In ka ji an ce inji mai 42, ko mai 54, ko mai 60, faɗin wannan kwanon na ƙasa ake nufi, wanda wuƙaƙen ke ciki, makanikai na ce masa dek. Da inci ake auna shi. Mai 42 kusan santimita 107 ne, mai 54 kusan 137, mai 60 kuma 152. Akwai har mai 72.

Ga lissafin da nake yi wa mutane a bayan takardar siminti. Ka ɗauki faɗin kwanon a mita, ka ninka da gudun da za ka yi. Mai 42, a gudun kilomita 8, wato mita 8,000, cikin awa, zai ba ka murabba'in mita 8,500 da ɗoriya. Amma a takarda ke nan. Sai ka cire kashi ɗaya cikin biyar saboda juyi da maimaita gefen layi da tsayawa ka kawar da dutse. Abin da ya rage bai kai 7,000 ba. Filin ƙwallo cikakke, mita 105 da 68, murabba'in mita 7,140 ne. Kun ga ke nan ƙaramin nan, mai 42, zai aske filin ƙwallo a awa ɗaya da 'yan mintuna. To makarantar da filin ƙwallo ɗaya gare ta da ɗan fili gaban ofishin shugaba, me za ta yi da mai 60?

Wanda kuma gidansa fuloti ne, ƙafa 50 da 100, ko ma fuloti biyu, don Allah ya riƙe kuɗinsa. Fuloti ɗaya bai kai murabba'in mita 500 ba, gini ya cinye fiye da rabi. Injin turawa ya ishe ka, ko ma langalanga da yaro mai ƙarfi. Na san wasu masu sayarwa ba za su ji daɗin wannan maganar ba, amma gaskiya ce.

Daga eka ɗaya zuwa biyu, mai 42 ko 48. Daga uku zuwa biyar, mai 52 ko 54. Abin da ya haura haka, kamar filin folo, wanda shi kaɗai ya kai eka 10, nan ne mai 60 ko 72 ke da aiki. Eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce, hekta kuma kusan eka biyu da rabi. Ka taka filinka ka auna, kar ka yi kirdado da ido, ido na ƙara wa fili girma, musamman filin mutum na kansa.

Sannan ka auna ƙofa. Ina dariya ne saboda na tuna wani Alhaji, ba zan faɗi unguwarsa ba. Ya yi odar mai 60 daga Legas, mota ta kawo, aka sauke a ƙofar gida, yara suka taru ana kallo. Ƙofar da za a bi a shiga lambun bayan gida kuwa ƙafa huɗu ce. Aka karkata, aka ɗaga, aka cire robar gefe, ina! Ƙarshenta magini aka kira ya fasa katanga. Kuma ku lura, wannan bakin da ciyawa ke fita ta gefe yana ƙara wa injin faɗi, don haka mai 42 ma ya fi inci 42 in za a wuce da shi ƙofa. Haka tsakanin itatuwa: in tazarar bishiyoyinka ba ta kai faɗin injin ba, ka sayi wahala da kuɗinka.

Akwai wani abu game da babban kwano da ba a cika faɗa ba. In ƙasa ba a baje take ba, tana da tudu da kwari, faffaɗan kwano kan aske kan tudu har ƙasa ya bar ƙwalƙwal, ya kuma bar ciyawa tsaye a kwari. Filayenmu da yawa tsofaffin gonaki ne, kunya na nan a ƙarƙashin ciyawa ko da ido bai gani ba.

Sani, sauko da kyamarar ƙasa, nan ne ainihin darasin yau. Kwanon nan iri biyu ne. Akwai wanda aka ɗauki fallen ƙarfe ɗaya aka danna shi a inji ya fito da siffarsa, kamar yadda ake buga kwanon sha. Za ka gan shi sumul, gefensa a lanƙwashe. Akwai kuma wanda aka yanka faranti masu kauri aka haɗa da walda, irin wannan. Ku ga layin waldar, ku ga kusurwoyi. Ku saurara in ƙwanƙwasa. Kun ji? Ba ya amsa kuwwa kamar garwa. Kaurin ƙarfen da geji ake faɗinsa, kuma lissafinsa a juye yake: ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Geji 13 ko 12 siriri ne, na ƙananan injinan gida. Geji 10 ya haura milimita 3. Geji 7, na masu aikin kwangila, kusan milimita 4 da rabi.

Me ya sa na dage a kan wannan? Saboda filin Zariya ba lambun Bature ba ne. Akwai marmara, akwai guntun bulo da magina suka bari, akwai kututture, ga suri da gara ke tayarwa cikin mako ɗaya a inda jiya babu komai. Ni kaina na sha. Wata shekara, a watan Agusta, ina yi wa wata makaranta aiki, ciyawa ta kai gwiwa, gamba da tofa sun haɗe. Ina gudu don in gama kafin hadari ya sauko, sai ji na yi ƙwaram! Guntun rodi ne a cikin siminti, an bar shi tun ginin aji. Wuƙa ta lanƙwashe, sandar da take juyawa a kai ta karkace, boris ya watse. Kwanon kuma, da yake na walda ne, mai walda a Sabon Gari ya daidaita mini shi da yamma. Da siririn ne, da sai dai a nemi sabo, kuma sabon ba a kasuwar nan yake ba. Tun daga ranar ba na hawa inji a filin da ban taka shi da ƙafata ba.

Ku ga waɗannan sandunan wuƙa guda uku. Mai 42 galibi wuƙa biyu gare shi, daga 48 zuwa 60 uku. Ka duba ko akwai bakin ɗura giris a jikinsu. Wasu a rufe suke zuwa, in boris ya mutu sai a sauya. Ni na fi son wanda zan ɗura wa giris da hannuna.

Mu zagaya baya. Waɗannan biyun da ke jikin tayoyin baya su ne giyarsa, da mai suke aiki, kowace taya da tata. Sunan da za ka fi gani a jikinsu shi ne Hydro-Gear. Ka durƙusa ka karanta lambar. In ka ga EZT, na ƙananan injina ne, a rufe yake, ba a yi shi don a riƙa juye masa mai ba. Zai yi maka aikin gida na awa ɗaya ko biyu a mako. In ka ga ZT-2800 ko ZT-3100 ko ZT-3400, waɗannan suna da filta, ana sauya musu mai, kuma su ne ke jure aikin yini. Mai niyyar yin kwangilar yankan ciyawa, yau Kongo gobe Palladan, kar ya kuskura ya sayi mai EZT don yana da araha. Araha ba ta ado. Injin zai fara jan ƙafa ɗaya in ya yi zafi, kana tura liba biyu daidai shi kuma yana karkata gefe.

Sai ainihin injin da ke ba shi ƙarfi. Sunayen da aka sani su ne Kawasaki da Kohler da Briggs & Stratton, akwai kuma manya masu shan man gas irin na Kubota. A Kawasaki, FR na gida ne, FX na aikin ƙarfi. Abin da ya fi damuna a nan shi ne filtar iska. Ku ga wannan gwangwanin da ke tsaye a saman inji, filta biyu ce a cikinsa, ta waje da ta ciki. Wanda ya san ƙurar Zariya daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba sai na yi masa bayani ba. Yankan ƙarshe da ake yi bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da ciyawa ta bushe, shi ke kashe inji, don ƙura in ta wuce filta ta shiga ciki, kamar ka zuba yashi ne a baƙin mai. Littafin Kawasaki ya ce a juye mai duk bayan awa 100, amma a wuri mai ƙura a yi kafin nan. Ni ba na bari ya kai.

Wani zai ce to gangare fa? Kamfanonin da kansu sun ce kar a hau da shi gangaren da ya wuce digiri 15. Da yake tayoyin baya ne kaɗai ke riƙe da tuƙi, in suka zame a jiƙaƙƙiyar ciyawa, ba ka da iko da shi. Masu fili a bakin Kubanni ko gefen madatsar ruwa, ku bar wa injin turawa gaɓar rafi. In injin ya zo da wannan ƙarfen kariya na bayan kujera, a bar shi a tsaye, a ɗaura bel. Kuma ba a goya yaro a kai, ko da na minti ɗaya ne don ɗaukar hoto.

Yawancinmu na hannu za mu saya, ba sabo ba, to ga abin yi. Akwai ɗan agogon nan da ke ƙirga awannin aiki, ka karanta shi, amma kar ka ba shi gaskiya ɗari bisa ɗari, ana sauya shi. Ka dubi kujera da hannun liba da tayoyi, su ba su iya ƙarya ba. Ka sa a tayar da injin yana sanyi a gabanka, ka ga kalar hayaƙi. Ka hau ka yi minti ashirin har ya ɗauki zafi, sannan ka gwada miƙewa. Ka kama kowace wuƙa ka girgiza, bayan an kashe inji an zare makulli. In tana rawa, boris ya tafi.

Kafin ka biya kuɗi kuma, ka rubuta lambar bel ɗin kwano, wanda ke juya wuƙaƙe, da ta wuƙa da ta filta, ka tambayi mai sayarwa ko yana da su a shago yanzu, ba sai an yi oda ba. In ya fara cewa za a kawo, ka sa ya haɗa maka bel biyu da wuƙa saiti ɗaya a cikin ciniki. Damina ba ta jiran kaya su iso daga Legas. Mako uku inji na ajiye a watan Agusta, ciyawar ta fi ƙarfinsa, sai an koma wa adda.

Sani, miƙo mini makullin, ka kawar da guntun katakon can daga hanya. Bari in tayar da shi ku ga yadda ake kewaye gindin wancan mangwaron.