Amsoshin Tambayoyinku: Rayuwar mai aikin sa-kai a ƙasar da ba tasa ba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. A wannan makon wasiƙu huɗu ne suka haɗu a kan batu ɗaya, shi ya sa muka ba su filin baki ɗaya. Batun kuwa shi ne mutanen nan da ke barin ƙasarsu su tafi wata ƙasa, su koyar ko su yi aiki a cikin jama'a, ba don albashi ba. Bari dai in kawar da wani ruɗani tun da wuri: in kun ji na ce 'yan sa-kai a yau, ba masu sintirin dare da gora nake nufi ba, masu alli da allo ne.

Wasiƙar farko daga wani malamin firamare take. Ya ce: "Don Allah ina son tarihin wannan aiki. Wa ya fara shi, kuma shin Turawa kaɗai ke yin sa?"

To, malam, taimakon baƙi a wata ƙasa tsohon abu ne, amma tsarin da muke gani yanzu ya kafu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1958 Alec Dickson da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar VSO, mai tura 'yan sa-kai ƙasashen waje, a Birtaniya, kuma waɗanda suka fara turawa matasa ne da suka gama sakandare. Bayan shekara uku, a ranar 1 ga Maris 1961, Shugaba John F. Kennedy ya sa hannu a kan umarnin kafa Peace Corps, shirin 'yan sa-kai na gwamnatin Amurka. Rukunin farko ya sauka a Ghana a ƙarshen Agustan shekarar, kuma aikin koyarwa suka je yi. Japan ta bi sahu a 1965, ta fara da ƙasar Laos. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa nata shirin, UNV, a 1970, wanda hedikwatarsa ke birnin Bon na Jamus a yanzu. Majalisar ce kuma ta ware ranar 5 ga Disamba ta kowace shekara don tunawa da masu wannan aiki.

Kada ka ɗauka duk don Allah aka yi. Lokacin Yaƙin Cacar Baka ne, kowace babbar ƙasa na neman farin jini a wurin ƙasashen da suka samu 'yancin kai. Matashin da ke tsaye gaban allo yana iya kasancewa da zuciya ɗaya, amma gwamnatin da ta biya masa kuɗin jirgi tana da nata lissafin.

Batun ko Turawa kaɗai ke yi, a'a. Nijeriya ta kafa shirin TAC a 1987, tana tura likitoci da malamai da injiniyoyi da ma'aikatan jinya zuwa ƙasashen Afirka da yankin Karibiyan da na Fasifik, su yi shekara biyu. Tarayyar Afirka ma ta ƙaddamar da nata shirin na matasa a 2010.

Wasiƙa ta biyu ita ce za ta ci mana lokaci. Wata baiwar Allah da ta kammala kwalejin ilimi ce ta rubuto, tana cewa: "Ina sha'awar tafiya. Yaya rayuwar take a can? Ana biya? Kuma me ya fi wahala?"

Malama, mu fara da mai sauƙin. Albashi dai babu. Abin da manyan shirye-shirye ke bayarwa shi ne kuɗin jirgi, da masauki, da kula da lafiya, da alawus na wata-wata wanda aka auna shi don mutum ya rayu daidai da mutanen da ya tarar. Wasu kan ƙara da ɗan kuɗin sake zama in an dawo gida. Wadda ta tafi da niyyar tara jari za ta dawo da ɓacin rai.

A Peace Corps, misali, wa'adin wata 27 ne: kimanin wata uku na horo, sai shekara biyu a wurin aiki. A watannin horon nan, galibi a gidan wasu iyali ake sauke mutum, kuma kusan kullum darasin harshe ake yi. Dalilin a fili yake. Malamar da ba ta jin harshen gari tana iya koyar da darasi a aji, amma ba za ta san abin da ake faɗa a ɗakin malamai ba, ba za ta iya zama da uwar yaron da ya daina zuwa makaranta ta ji dalili ba. Hausawa suka ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma harshe ne ke fara buɗe masa idon.

Ajin kansa kuwa, ki shirya. Kina iya tarar da ɗalibai sun cika ɗaki maƙil, littafi ɗaya a hannun yara da yawa, manhajar ba irin wadda kika sani ba, ga jarrabawar ƙasa tana jiran su a ƙarshen shekara. Harshen da ake koyarwa da shi ma sau da yawa ba shi yaran ke yi a gida ba. Sabon zuwa yakan shigo da dabaru cike da jaka: a raba yara rukuni-rukuni, a yi wasa, a daina haddar nan. Sai ya ga malaman wurin suna kallonsa kawai suna murmushi. Ba don sun ƙi ci gaba ba ne. Sun san jarrabawar da za a yi, sun san abin da iyaye ke jira, kuma sun ga wasu baƙin sun zo da irin wannan zafin sun tafi. Shi ya sa shirye-shirye masu tsari ke haɗa kowane baƙo da abokin aiki ɗan gari, su tsara darasi tare, su shiga aji tare. A ganina nan ne aikin yake gaba ɗaya. Baƙo raɓa ne, shekara biyu kamar gobe ce. Ɗakin karatun da kika buɗe ke kaɗai, ranar da kika tafi za a sa masa kwaɗo. Wanda kuka buɗe da malamin da zai ci gaba da zama a garin, shi ne za a tarar a buɗe.

Kin tambayi abin da ya fi wahala. Yawanci ba rashin wuta ba ne, ba ɗibar ruwa ba ne, jiki na sabawa da waɗannan. Kaɗaici ne. Makonnin farko komai sabo ne, komai na burge ki. Daga nan sai ɗokin ya kwanta, ƙananan abubuwa su fara ba ki haushi, kewar gida ta taso. Wani masanin halayyar al'umma mai suna Kalervo Oberg ya yi bayanin waɗannan matakai tun a shekarun 1950, don haka in abin ya same ki, ba ke kika fara ba. Ga kuma ido. A ƙaramin gari kowa ya san lokacin da kika fita, da wanda kika gaisa, da abin da kika saka. Kina cikin mutane dare da rana, amma babu wanda ya san ki tun kina yarinya.

Sai ki kula da abin da kike rubutawa game da masu masaukinki. A watan Oktoban 1961 wata 'yar Peace Corps da ke horo a Ibadan ta rubuta wa wani a gida katin gaisuwa, tana kwatanta talauci da ƙazantar da ta ce ta gani. Katin bai kai inda aka aika shi ba, ya faɗa hannun ɗalibai, aka kwafe shi aka rarraba, zanga-zanga ta tashi, ita kuma ta bar ƙasar. Kati guda ke nan a zamanin gidan waya. Yanzu da hoto ɗaya a Facebook ke zagaye gari kafin la'asar, sai ki auna. Kafin ki ɗauki hoton ɗan wani, ki nemi izinin iyayensa.

Wasiƙa ta uku ta wani dattijo ce, kuma da ɗan zafi ya rubuto: "Anya waɗannan mutane taimako suke yi? Ba guraben 'ya'yan gari suke cinyewa ba?"

Baba, tambayarka tana kan hanya, kuma masu shirye-shiryen kansu sun sha fama da ita. Inda akwai malamai 'yan ƙasa da ke zaune babu aiki, kawo baƙon da zai yi kyauta ba gyara ba ne. Wannan na cikin abin da ya sa VSO ta bar tura 'yan sakandare ta koma neman ƙwararru masu gogewa, waɗanda za su horar da malaman wuri maimakon su karɓe musu aji.

Inda na fi jin tsoro shi ne tafiyar mako biyu ko uku da mutum ke biyan kamfani kuɗi a kai shi "taimako". Yara su saba da fuska, ta ɓace, wata ta zo ta sake fara musu daga baƙaƙe. Abin ya fi muni a gidajen marayu. An gano cewa a wasu ƙasashe ana raba yara da iyayensu masu rai a cika irin waɗannan gidaje don jawo baƙi da kuɗinsu, har ta kai Ostareliya ta sa wannan a sahun bautar zamani a 2018. Duk shirin da zai damƙa wa mutum yara ba tare da ya binciki tarihinsa ko ya nemi takardar shaidar koyarwa ba, a yi nesa da shi.

Ta ƙarshe gajeruwa ce. Wani da ya yi ritaya yana tambaya ko shekaru sun wuce masa. Ranka ya daɗe, ya danganta da shirin. Na Tarayyar Afirka na matasa ne, amma Peace Corps, wadda 'yan Amurka kaɗai take ɗauka, ba ta da iyakar shekaru ta sama. Lillian Carter, mahaifiyar Shugaba Jimmy Carter, tana da shekara 68 ta tafi Indiya a 1966 ta yi aikin jinya. Abin da za a fi duba maka shi ne lafiya, domin wurin da za a kai ka yana iya yin nisa da babban asibiti. Ka kuma sani cewa tafiyar na iya yankewa ba shiri: a watan Maris 2020, da annobar korona ta ɓarke, Peace Corps ta kwashe dukkan mutanenta, kimanin 7,000, daga ƙasashen da suke, wasu ko sallama da ɗalibansu ba su samu yi ba.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun suna nan a ajiye, za mu buɗe su a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.