Daga Ina Ciwon Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi Yake Farawa?

Masu kallo, ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin da ke kai saƙo ga gaɓoɓi su ne ke tafiyar da motsi da magana da tunani. Idan suka taɓu, akan ga farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki ko kurumta, kuma a gidaje da yawa daga Garwa zuwa Njamena, iskoki ake fara zargi. Sau da yawa kuwa ciwon yakan faro ne daga abin da muke gani kullum.

Mu fara da sanƙarau, domin Arewacin Kamaru da Chadi suna cikin yankin da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke ɓarkewa da rani, lokacin da ƙura da bushewar iska ke raunana hanci da maƙogwaro, mutane kuma suna kwana a cunkushe. Ƙwayar cutar takan shiga rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, tana iya kisa cikin kwana guda, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 5 da suka tsira yakan rayu da lahani, kamar kurumta ko farfaɗiya. A ƙarshen 2011 an yi wa mutum kusan miliyan 1.8 allurar rigakafin sanƙarau mai suna MenAfriVac a Njamena da kewayenta, sai cutar ta ragu da kashi 94 cikin 100 idan an kwatanta da wuraren da allurar ba ta kai ba. Sai dai wannan allura daga nau'in ƙwayar cutar guda ɗaya, wanda ake kira A, kawai take karewa. Saboda haka zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya, ko da a jikin wanda aka yi wa rigakafi, magana ce ta asibiti nan take.

Da damina kuma sauro ne. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kan yaro yakan kawo jijjiga da suma, wani ya warke amma farfaɗiya ta biyo baya. Gidan sauro, da maganin da ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 duk wata a lokacin damina, da allurar zazzaɓin cizon sauro da Kamaru ta shigar cikin rigakafin yara a Janairun 2024, duk kariya ce ga ƙwaƙwalwa. Haka ma haihuwa a hannun ƙwararriyar ungozoma, domin doguwar naƙuda kan hana jariri iska, da kuma hular kwano ga mai hawa babur, wadda abin takaici har yanzu wasu ke ɗauka kayan nauyi ce kawai.

Ga manya, babban abin tsoro shi ne hawan jini, wanda kan yi shekaru bai nuna alama ba, har ranar da jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin kai. Ciwon sukari da taba da ƙiba suna ƙara haɗarin. Gishirin da ya dace da babba bai kamata ya kai giram 5 a rana ba, wato kimanin ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen ɗanɗanon da ake jefawa a miya yana cikin lissafin. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe farat ɗaya, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya jiran gari ya waye.