Yadda Ake Raba Babbar Lise Gida-Gida Ba Tare da Gina Sabon Aji Ba

Masu kallo, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar wata babbar lise, wato makarantar sakandare, a Garwa, Marwa ko Ngaundere a arewacin Kamaru da misalin ƙarfe bakwai na safe ya san irin cincirindon ɗaliban da ke kwarara ciki. Bayaninmu na yau a kan wani tsari ne da ke neman amsa tambaya guda game da wannan taro: wane babba ne a makarantar ya san yaro da sunansa, ya lura da ranar da bai zo ba, ya kuma bi sawu ya ji dalili?

Bari mu fara da lissafi. A ɗauka kowane aji yana da ɗalibai 80, kuma an ba malamin tarihi aji biyu a siziyam (shekarar farko ta sakandare), ɗaya a katiriyam (ta uku), biyu a sagwand (ta biyar), ɗaya a tarminal (ta ƙarshe). Wannan malami yana da ɗalibai 480 a wuyansa, kuma komai ƙwazonsa, sunayen da zai riƙe su ne na masu ƙoƙari sosai da na masu tsiwa, saura kuwa lambobi ne a takardar maki. Ta ɓangaren yaron abin ya fi tsanani, domin ya fito daga firamare inda malami ɗaya ke tare da shi tun safe har a tashi, sai ga shi a gaban malamai kusan goma, kowa ya shigo da allinsa, ya yi awarsa, ya fita. Sau da yawa yaron nan Hausa ko Fulatanci ko Kanuri yake yi a gida, Faransancinsa bai nuna ba, kuma babu wanda aikinsa ne ya gano hakan da wuri.

Tsarin da muke magana a kansa yana raba makarantar zuwa ƙananan rukunoni, kowane rukuni da ɗalibansa, da malamansa ƙididdigaggu, da jerin ɗakunansa a gefe guda na harabar. Kamar dai yadda lamido ba zai san kowane gida a garinsa ba, amma jauro ya san na unguwarsa. Shugaban makaranta yana nan ɗaya, jarrabawar BEPC da furobatuwar da bak suna nan yadda suke, manhaja ba ta canza ba. Abin da ya canza shi ne wanda ke koyar da wa.

A Amurka aka fi gwada wannan tunani. A shekarar 1984 Theodore Sizer ya kafa wata ƙungiyar makarantu a Jami'ar Brown, kuma ɗaya daga cikin ƙa'idojinta ita ce kada malamin sakandare ya ɗauki nauyin ɗalibai fiye da 80 gaba ɗaya. A 1985 Deborah Meier ta buɗe ƙaramar sakandaren Central Park East a unguwar talakawa ta Harlem ta Gabas a birnin New York. A 1994 kuma masana daga Jami'ar Johns Hopkins suka haɗa kai da sakandaren Patterson a Baltimore, suka ware wa sabbin shiga ɓangarensu da rukunonin malamansu. Jamus ma tana da nata salon tun shekarun 1970, inda a wata makaranta da ke unguwar Holweide a birnin Kolon rukunin malamai ɗaya ke tafiya da ɗalibansa daga aji 5 har aji 10.

Sakamakon bai zo iri ɗaya ba, kuma nan ne ya kamata mu dakata. Gidauniyar Gates ta kashe kimanin dala biliyan 2 a kan ƙananan makarantu, amma a wasiƙarsa ta 2009 Bill Gates ya amince cewa da yawa daga cikinsu ba su ɗaga ƙoƙarin ɗalibai yadda aka sa rai ba. A gefe guda, cibiyar bincike ta MDRC ta bi ɗaliban ƙananan sakandare fiye da 100 da aka buɗe a New York daga 2002, ta kwatanta waɗanda ƙuri'a ta ba su gurbi da waɗanda ba ta ba su ba, ta tarar cewa a cikin kowane ɗalibai 100 an sami ƙarin kimanin tara da suka kammala karatu. A ganina darasin a fili yake: inda aka raba gini kawai aka laƙaba wa kowane ɓangare suna, malamai kuma suka ci gaba da aiki kowa shi kaɗai, babu abin da ya motsa. Inda abin ya yi amfani, malaman rukuni ɗaya suna koyar da yara ɗaya, kuma suna da lokacin zama tare a cikin jadawalin mako.

To, me lise ɗinmu na arewacin Kamaru suke da shi a yanzu? Akwai majalisar malaman darasi, inda malaman lissafi ke zama da malaman lissafi su tsara inda aka kai a manhaja. Akwai majalisar aji, wadda ke zama a ƙarshen zango bayan an riga an haɗa maki, lokacin da yaron da ya sami 6 bisa 20 ya riga ya yi asarar wata uku. Akwai kuma malamin aji, wanda sau da yawa aikinsa ke ƙarewa a cika katin sakamako. Abin da babu shi ne zama na mako-mako tsakanin malamin Faransanci da na lissafi da na kimiyya da na Turanci a kan yaran da dukansu suke koyarwa.

Saboda haka aikin yana farawa ne a ofishin sansar, mataimakin shugaba mai tsara jadawali. A allonsa na jadawali mai ƙananan katuna, a maimakon a warwatsa awannin malami daga siziyam zuwa tarminal, sai a tattara su. Idan ajin siziyam shida ne, a raba su rukuni biyu, kowanne da aji uku da ɗalibai 240, a ba kowane rukuni malamai takwas waɗanda mafi yawan awanninsu ke cikin waɗannan azuzuwa uku. Gaskiya ne 240 ya ninka adadin Sizer sau uku, kuma ba za mu yaudari kanmu cewa Marwa za ta kai 80 a bana ba. Amma idan aka raba 240 tsakanin malamai takwas, kowa ya tashi da yara 30 da zai zama uban ɗakinsu, ya san gidajensu, ya riƙe lambar wayar iyayensu. Wannan kuwa abu ne mai yiwuwa.

Dalilin farawa da sabbin shiga shi ma yana da tushe. Wani bincike da aka fitar a Chicago a 2005 ya nuna cewa ɗalibin da ya gama shekararsa ta farko a sakandare bai faɗi a manyan darussa fiye da ɗaya ba ya fi wanda ya faɗi damar kammalawa fiye da sau uku. A nan kuma, inda yankunan Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa ke cikin waɗanda gwamnati ta ware a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman a fannin ilimi, yarinyar da ta yi maimaicin siziyam ba lallai ne iyayenta su sake biya mata kuɗin rajista ba.

Yanzu mu leƙa zaman kansa. Awa ɗaya ce a mako, misali ranar Laraba bayan an tashi da rana. Sirbeyan, mai kula da tarbiyya, ya kawo littafin kiran suna. Malamar Turanci ta ce wata yarinya ta rasa darasinta sau uku a jere. Malamin lissafi ya duba nasa littafin ya ce shi bai taɓa rasa ta ba. Da aka jera ranakun sai aka ga duk Litinin ne, ranar babbar kasuwar Marwa, kuma Turanci ran Litinin ake yi. Uban ɗakinta zai je ya gaida mahaifiyarta ya ji ko taya ta sayarwa take yi, a kuma nemi yadda za a daidaita. A tsohon tsari, wannan labari zai fito ne a watan Disamba a matsayin sifili a Turanci. Daga nan zaman ya koma kan koyarwa: kada a tara wa yara gwaji huɗu a rana ɗaya, kuma malamin Faransanci ya ɗauki kalmomin da za a buƙata a darasin kimiyya na mako mai zuwa ya fara koyar da su.

Akwai cikas, kuma ba ƙanana ba ne. Malaman wucin gadi da ƙungiyar iyaye da malamai ke biya da awa sukan koyar a makarantu biyu ko uku, don haka idan ba a saka awar zaman cikin lissafin kuɗinsu ba, babu adalci a tilasta musu halarta. Malamin fiziks yakan zama ɗaya tal a makaranta, dole a raba shi tsakanin rukunoni. Sauyin wurin aiki a tsakiyar shekara yana rusa rukuni, ko da yake Babbar Makarantar Horar da Malamai ta Marwa, wadda aka kafa tare da jami'ar garin a 2008, ta kawo horon malaman sakandare kusa da gida. Akwai kuma haɗarin da ya fi ɓoyuwa, wato a zuba 'ya'yan manya da masu maki a rukuni ɗaya tare da ƙwararrun malamai, a bar wa ɗayan abin da ya rage; maganinsa shi ne a gauraya ɗalibai tun wajen rabon aji, a kuma sa tsohon hannu da sabon malami a kowane rukuni.

Makarantar da ke son gwadawa sai ta yanke shawara a watan Agusta, kafin sansar ya kafe katunansa, domin da zarar an koma karatu a Satumba sauya jadawali yakan zama rigima. A ƙarshen zangon farko kuma a ajiye littafin kiran suna na bana kusa da na bara, a ƙirga yawan fashi, a ƙirga waɗanda suka kasa kai 10 bisa 20, sannan a duba ko za a wuce da rukunin zuwa sankiyam, ajin da ke bin siziyam, tare da malamansa.