Wake ɗaya ke ɓata gari: jan kati a wasan zari-ruga

Nura: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau zari-ruga za mu taɓa, ina tare da Malam Habu da Yaya Zainab. Malam, idan ɗan wasa ya yi mugun kamu ya daki kan abokin karawarsa, wa ya kamata ya ɗanɗana kuɗarsa, shi kaɗai ko ƙungiyarsa duka?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Mu fara da wasan da ya ƙara rura wutar gardamar. Ranar 28 ga Oktoba 2023, wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya a Faransa, kyaftin ɗin Niyu Zilan, Sam Cane, ya tari Jesse Kriel na Afirka ta Kudu a tsaye, kafaɗarsa ta sami kai. Alƙalin wasa ya ɗaga kati mai ruwan ɗorawa, ya gicciye hannuwa, alamar a kai maganar ɗakin bita. Tun ba a je hutun rabin lokaci ba aka mayar da katin ja. Niyu Zilan ta ƙarasa da mutum 14, aka ci ta 12 da 11.

Zainab: A wasan nan kuma Siya Kolisi, kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, ya sami Ardie Savea na Niyu Zilan a ka, nasa katin bai tashi daga ruwan ɗorawa ba. Abin da ya rikita 'yan kallo ke nan.

Nura: To me ya raba su, Yaya?

Zainab: Tun 2021 hukumar zari-ruga ta duniya, World Rugby, ta ba alƙalai tambayoyi huɗu, bi da bi. An taɓa kai? Akwai laifi, wato mai kamun zai iya kauce wa abin? Yaya girman haɗarin? Sannan akwai abin da zai sa a yi sassauci? A ta ukun ake duba gudun da ya zo da shi, da ko kai tsaye ya sami kan ko kuwa sai da ya daki ƙirji ya zame sama. Haɗari babba, ja. Sassauci kuma mataki ɗaya kacal yake saukarwa, misali idan mai ƙwallon ya sunkuya ba zato, ko mai kamun ya riga ya duƙa daga ƙugu. Kolisi ya duƙa, ƙarfin karon ma jiki ya fara samu. Cane kuwa a miƙe yake, yana ganin mutumin yana tahowa.

Malam Habu: Ki ƙara musu da cewa wanda ya banki mutum da kafaɗa bai buɗe hannuwa ya rungume shi ba, babu sassauci a kansa, don wannan haramun ne ko ba a taɓa kai ba. Mai bita a ɗakin nan kuma minti 8 gare shi ya yanke, ana ci gaba da wasa.

Nura: Malam, amma jan kati a zari-ruga ya fi na ƙwallon ƙafa ciwo ko?

Malam Habu: Nesa ba kusa ba. A ƙwallon ƙafa mutum goma za su iya komawa baya su kulle gida. A nan mutum 15 ne ke jere a layi suna tare faɗin fili, ka cire ɗaya ka bar ƙofa a buɗe. Idan daga 'yan gaba takwas ne, sikiram, wato turereniyar da 'yan gaban ɓangarorin biyu ke sarƙe kafaɗu su yi a kan ƙwallo, ta zama bakwai da takwas. Idan kuma ɗaya daga cikin ukun sahun farko na sikiram ne, dole a fitar da wani da bai ji ba bai gani ba, a shigo da wanda ya ƙware a gurbin, saboda tsaron wuya. A 2011 an kori Sam Warburton na Wales tun ba a cika minti 20 ba, don ya ɗaga Vincent Clerc na Faransa ya juya shi ƙafa sama ya sake shi. Faransa ta ci 9 da 8.

Zainab: Wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta mata da aka buga a 2022 ma haka, Lydia Thompson ta Ingila ta yi karo kai da kai da Portia Woodman, aka kore ta da wuri, Niyu Zilan ta ci 34 da 31. Amma kada mu ce jan kati shi ke nan an gama. A 2023 an kori Tom Curry na Ingila a minti na uku, duk da haka Ingila ta lallasa Ajantina 27 da 10.

Nura: Daga nan aka kawo jan kati na minti 20.

Malam Habu: A kudancin duniya aka fara gwada shi, a gasar Super Rugby, sannan a 2025 aka amince a gwada shi a manyan gasanni ko'ina. Mai laifin ya fita ke nan, ba ya dawowa. Ƙungiyarsa ta yi minti 20 da mutum 14, sannan wani ya shigo daga benci. Amma abin da aka yi da gangan kuma mai tsananin haɗari, kamar naushi ko tsokane ido, alƙalin wasa na da ikon ba da cikakken ja, babu musanya. Ni ina goyon baya, don yawancin katunan yanzu kuskuren ƙiftawar ido ne. Mutum 14 da masu kallo dubu 80 ba su yi laifin komai ba.

Zainab: Malam, a nan zan saɓa maka, da girmamawa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me ya sa 'yan wasa ke kamu a tsaye? Koci ne ke koya musu, don a danne hannun mai ƙwallo kada ya miƙa ta, ko a riƙe shi a sama har ƙwallon ta maƙale a ƙwace ta. Dabara ce ta ƙungiya, ita ke cin ribarta. Idan asarar ta ragu zuwa minti 20, wani kocin zai yi lissafi ya ce kasadar ta biya. Shi ya sa hukumar zari-ruga ta Faransa da ƙungiyar 'yan wasanta suka fito fili suka ƙi tsarin a 2024. Ka tuna Steve Thompson, wanda ya ci kofin duniya da Ingila a 2003, ya ce ba ya tuna wasannin, kuma likitoci sun same shi da cutar mantuwa yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai.

Malam Habu: Wannan gaskiya ce, ba na musu. Amma dama akwai hukuncin da ke hawa kan ƙungiya. Kowane laifi irin wannan bugun tara ne, maki 3 ko asarar fili. Idan laifi ya yawaita, alƙali ya kira kyaftin ya ja masa kunne, na gaba da ya maimaita ya tafi benci minti 10 ko da laifinsa na farko ne. Idan laifin ya hana cin tirai da ke tafe, wato dire ƙwallo a bayan layin abokan karawa, a ba abokan karawa maki 7 kai tsaye, a haɗa da kati.

Nura: To bayan an tashi fa? Nan ne hukuncin mutum shi kaɗai.

Zainab: Kwamitin ladabtarwa ke zama, kuma akwai jami'in da ke bin bidiyo ya kai ƙarar abin da alƙali bai gani ba. Mugun kamu na da matakai uku, mako 2, mako 6, ko mako 10 zuwa sama. Muddin an taɓa kai, daga 6 ake farawa. Cizo daga 12. Inda nake da damuwa shi ne ragin. Wanda ya amsa laifinsa, ya nuna nadama, ba shi da tarihin laifi, ana iya yafe masa rabi, 6 ta koma 3. Sannan ya shiga horon gyaran kamu a cire masa ɗaya, saura 2. Haka aka yi wa Cane.

Malam Habu: Horon nan sau ɗaya ake ba mutum damarsa, kuma yana da amfani, don ana zama da shi da kocinsa a kan bidiyo a ga inda ƙafarsa ta tsaya da lokacin da ya kamata ya duƙa. Amma na yarda da ke, idan an sauke nauyi daga kan ƙungiya aka ɗora wa ɗan wasa, wasa biyu ya yi kaɗan. Kuma a ƙirga dakatarwar a gasar da ya yi laifin. A 2025 Garry Ringrose na Ireland ya sami jan kati na minti 20 a karawa da Wales, aka lissafa wasan kulob ɗinsa na Leinster cikin wasannin da aka dakatar da shi, Faransawa suka yi ta ƙorafi.

Nura: Yaya, matasan da ke koyon wasan fa, me za su riƙe?

Zainab: Su rage gudu da gajerun taku kafin su isa, su lanƙwasa gwiwa da ƙugu, ido a buɗe, haɓa a ɗage. Kai ya bi gefen cinyar mai ƙwallo ta baya, kada ya shiga gabansa, hannuwa biyu su naɗe. Ingila ta sauke layin kamu zuwa ƙasan ƙashin ƙirji a wasannin 'yan sa-kai tun 2023, kuma daga nan ya kamata koci ya fara da yaro tun ranar farko.

Nura: Malam, Yaya, mun gode ƙwarai. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.